Wasiƙa zuwa ga Abba kan sabuwar waƙarsa

Abba,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mutanen gida duk ƙalau, Hajiya tana gaishe ka. Na saurari waƙar da ka turo ta wayar ƙanwarka, kuma tunda ka ce in faɗa maka gaskiya, to ga ta.

Murya kam Allah ya ba ka. Inda gizo ke saƙar shi ne ka bar mai kiɗa ya gama haɗa kiɗansa a kwamfuta, sannan ka zo kana cusa kalmomi a ciki ko sun shiga ko ba su shiga ba. Hausa ba ta lamuntar haka. Kowace kalma tamu da nata karin sautin take zuwa, wata gaɓa ta hau, wata ta sauka, wata ta faɗo daga sama. Shi ya sa mai kalangu yake matsa shi a hammata ya kira sunan mutum bakinsa a rufe, mutumin kuma ya waiwayo. In rerawarka ta hau a inda kalma take sauka, sai a ji kamar baƙo ne yake waƙar. Kafin ka rera ɗango, wato layi guda na baiti, ka fara faɗarsa da bakin magana, a hankali, ka ji inda muryarka take tashi da kanta. Karin waƙar yana nan a ciki, jansa kawai za ka yi. Kiɗa ya biyo baya.

A baiti na biyu kuma ka ja gajeren wasali don ka cike gurbi, ka haɗiye dogo don ka cim ma ganga. Marubuta waƙoƙinmu da suka ɗauko ma'aunan Larabci irin su Kamil da Mutadarak, gaɓa mai nauyi da marar nauyi suke jerawa, ba adadin kalmomi suke ƙirgawa ba. Ban ce ka koma ajin aruli, wato ilimin awon waƙa, ba. Ka riƙa buga yatsa a tebur kana karantawa. Duk inda harshenka ya yi tuntuɓe, wurin a karye yake.

Amshinka ya yi tsawo. Makaɗan baka suna kiransa gindin waƙa, sauran kuma ɗiya, kuma ba a banza ba: duk inda jagora ya kewaya, can yake dawowa 'yan amshi su karɓa. Gindin da yaro ba zai iya riƙewa a ji na biyu ba, a rage shi. Kowane ɗa kuma ya ɗauki magana guda ya kai ta gida.

Batun amsa-amo yana ba ni dariya. Zuciya, masoyiya, duniya, gaskiya, kamar duk wanda ya shiga situdiyo a Zoo Road ta Kano takarda ɗaya ake miƙa masa. Ka dubi yadda ake gina 'yar ƙwar biyar: ɗango huɗu suna amsa wa junansu, suna sauyawa daga baiti zuwa baiti, na biyar ne kaɗai yake riƙe babban amsa-amon har ƙarshe. Kunne yana samun sabo da tsoho a lokaci guda. Kuma kada ka ɗauko kalma don ƙarshenta kawai ya dace.

Ka kashe kiɗan duka, ka rera wa wanda ba ya jin kunyarka. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi zamaninsa, don maganar tasa tana iya tsayawa da ƙafarta.

Baiti na huɗu ka cire shi gaba ɗaya, habaicin da ke ciki bai dace da ɗan gidan nan ba. In ka gyara ka sake turowa kafin Sallah. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.