Wasiƙa daga birnin Houston na Amurka kan wani ɗan tsuntsu

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Ya aka ji da damina? Mu ma nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ka tuna sha-kaucin da muke kallo a kan furanni muna yara? To, na samu wanda ya tuna mini da shi, ko da yake ba dangi ba ne. Turawa na kiransa hummingbird saboda ƙugin fikafikansa, kuma a nahiyar Amurka kaɗai ake samun irinsa. Wanda ke zuwa mana nan nauyinsa kamar giram 3 ne, da ƙyar ya kai ƙwayar sukari. Bayansa kore shar. Maƙogwaron namijin sai ka ɗauka baƙi ne, amma da ya juya rana ta haska shi sai ya yi ja wur kamar garwashi. Na macen fari ne.

Na rataye musu ruwan sukari a bakin taga, sukari kashi 1 ruwa kashi 4. Jiya bayan asuba ɗaya ya tsaya cak a iska, tsakanina da shi bai fi kamu biyu ba, yana kaɗa fikafikai fiye da sau 50 a daƙiƙa. Ya zura dogon bakinsa ya sha, ya ja da baya, ya ɓace. Ga faɗa kamar zakara, ba ya barin ɗan'uwansa ya kusanci kwanon.

Macen ce kaɗai ke saƙa sheƙa, da gashin tsirrai da yanar gizo-gizo, ta saka ƙwai biyu kamar wake, ta rene su ita kaɗai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tafiyarsu. Yanzu a Satumba suna ta cin ƙananan ƙwari da zuƙar ruwan fure, har wasu su kusa ninka nauyinsu, don guzuri. Daga nan sai Meziko da Amurka ta Tsakiya. Wasu suna bin gaɓa, wasu kuwa su ratsa Tekun Meziko kai tsaye, kusan kilomita 800, dare da rana, babu reshen sauka. Duk daren da na ji iska ta taso, wallahi sai hankalina ya koma kansu.

Zan ci gaba da sauya musu ruwa har na ƙarshensu ya wuce. In ka ga sha-kauci a gona, ɗauko mini hotonsa. Ka gaida mutanen gida duka.

Naka amini