Edita, a taimaka a fassara mana babi na huɗu na tsarin mulki

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai albarka in faɗi abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Kwanakin baya a unguwarmu nan Tudun Wada aka zo neman wani yaro kan rigimar kuɗin waya da ya ci bashi, ba a same shi ba sai aka tafi da ƙaninsa ɗan aji uku a sakandare, wai in yayan ya kawo kansa za a sake shi. Kwana biyar yaron nan yana bayan kanta, uwarsa kullum tana hanya da kwanon abinci, mu kuma maƙwabta sai haɗa kuɗi muke ana cewa a je a ba da haƙuri. Wallahi ban taɓa jin takaici irin na ranar da wani ɗalibin lauya da ke karatu a harabar Kongo ta jami'ar Ahmadu Bello ya zaunar da mu ya ce duk abin nan doka ta hana shi ba, mu ne ba mu sani ba.

Tsarin mulkin 1999 babi na huɗu, daga sashe na 33 zuwa 46, nan aka jera haƙƙin ɗan ƙasa. Sashe na 35 ya ce in an kama ka dole cikin awa 24 a gaya maka dalili a rubuce kuma da yaren da kake ji, sannan in akwai kotu a tazarar kilomita 40 to kwana ɗaya ne a kai ka gaban alƙali, in babu kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. To fisabilillahi a cikin garin Zariya ina ne ya kai kilomita 40 da kotu? Kuma sashen ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Kama wani a madadin wani kuwa dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta haramta, dokar ƴan sanda ta 2020 ma ta sake haramtawa, har ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai.

Na san wani zai ce ai gwamnati tana da ikon taƙaita ƴanci, ga matsalar tsaro ga garkuwa da mutane. Gaskiya ne, mu da muka ga abin da ya faru a hanyar Kaduna da ƙauyukan Giwa ba sai an ba mu labari ba. Sashe na 45 ya yarda a yi doka da za ta taƙaita ƴancin magana, taro, zirga-zirga, addini da sirrin mutum saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyya ko lafiyar jama'a, ko don kare haƙƙin wasu. Ko Kotun Ƙoli a 2007 ta hana Asari Dokubo, jagoran tsagerun Neja Delta, beli saboda tsaron ƙasa. Amma fa akwai sharaɗi a sashen nan wanda manya ba sa son a karanto, dole ya zama doka ce aka yi, ba umarnin baki na wani oga ba, kuma dole dokar ta zama mai hujjar da hankali zai ɗauka a ƙasar da ake dimokuraɗiyya. Mai auna wannan kuma alƙali ne. Zai tambaya wace doka ce ta ba ka dama, me kake karewa, kuma matakin da ka ɗauka bai wuce gona da iri ba?

Kuma kotuna sun sha yi. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar jam'iyyar ANPP da Sufeto Janar na ƴan sanda, ta ce ba sai ka nemi izinin ƴan sanda ba kafin ka yi taro ko zanga-zangar lumana. Dattawanmu sun tuna Alhaji Shugaba Darman na majalisar Barno da aka kwashe aka kai Chadi a 1980 wai ba ɗan Najeriya ba ne, kotu ce ta dawo masa da ƴancinsa. Rufe Twitter da aka yi a 2021 ma kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa doka a 2022. Inda zuciyata ke ƙuna shi ne idan kotu ta yi hukunci aka ƙi bi, kamar na Disambar 2016 da Babbar Kotun Tarayya ta ce a saki Sheikh Zakzaky aka ci gaba da tsare shi sai 2021, ka yarda da aƙidarsa ko kada ka yarda, ranar da aka saba da take umarnin alƙali to talaka ne zai fi kowa shan wuya don shi ba shi da kowa sai kotun.

Sashe na 46 ya ce kai tsaye za ka je babbar kotu ko da ba a riga an take haƙƙin ba, in dai ka ga ana shirin takewa, kuma ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 sun ba da dama ɗan uwa ko wata ƙungiya su shigar da ƙara a madadinka. Babbar kotu tana nan Zariya, akwai kuma hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali.

Roƙona Malam Edita, ku ware shafi ko rabi ne duk mako, ku samu lauya ya riƙa fassara sassan nan ɗaya bayan ɗaya da Hausar da mai shayi da ɗan acaɓa za su gane, ku fara da sashe na 35 dan Allah. Yaron nan an sake shi amma har yau uwarsa gani take alfarma aka yi musu.

Naku,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Zariya