Kumburin gwiwa: ba duk maganin Caina ne ɗaya ba

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a.

Dan Allah a ba ni fili in ɗan yi magana kan wani yayi da ya shigo mana nan Garwa, da zarar gwiwar mutum ta kumbura sai ka ji an ce a je kasuwa a sayo masa maganin Caina, ko wanne aka samu shikenan. To su kansu masu maganin gargajiyar Sin ɗin ba haka suke yi ba fa.

Kafin su taɓa ka sai sun duba harshenka, sun ji bugun jini a wuyan hannu, su tambaya ciwon da sanyi yake ƙaruwa ko da zafi. A wajensu iska da sanyi da laima ne ke shiga gaɓa su toshe hanya, kusan abin da tsofaffinmu ke cewa sanyin ƙashi. Irin wannan mai tashi da hunturu ko damina shi suke wa gashi da moksa, busasshen ganye ne ɗan'uwan tazargade, a naɗe shi kamar ƙatuwar sigari a kunna a riƙe kusa da fata har ɗumin ya ratsa. Amma gwiwar da ta yi ja ta kumbura, ka ɗora hannu ka ji zafi rau, wannan sun ce zafi ne da laima, ba a ƙara mata wuta, haɗi daban suke bayarwa irin su Er Miao San, ɓawon itace ɗaya da saiwa ɗaya. Sai siraran allurai da suke kafawa a ramukan nan biyu na ƙasan ƙoƙon gwiwa su bar su kamar minti 20. Ƙaho kam ba sai Sin ta koya mana ba, wanzamanmu sun daɗe a kai.

Tun 1975 Sin take turo tawagar likitoci Kamaru, kuma asibitin Gider da ke nan kusa ba nisa na cikin inda suka taɓa zama, mai son allurar ya je inda aka san hannun mai yi. Alluran kan rage ciwo, amma guringuntsin da ya cinye ba sa mayar da shi, kar wani ya yaudare ku.

Abin da ke ɗaga min hankali kwalayen nan ne da ake zubawa a tire cikin rana, rubutun jikinsu har mai sayarwar bai iya karantawa ba. A ƙasashe da dama an gwada irinsu an tarar an cusa dexamethasone a ciki, wani maganin asibiti ne mai ƙarfi na rage kumburi, kwana biyu ka ji garau, daga baya fuska ta kumbura suga ya hau. A Beljiyam ma farkon shekarun 1990 wani tsiro aristolochia da ya shiga wani haɗin maganin Sin ya lalata ƙodar mata da yawa. Goggona sai da ta yi ta shafa man nan mai yaji a gwiwa ja jawur ga zazzaɓi, ashe mugunya ce a ciki, sai da aka zuƙe a asibiti aka ɗora ta kan antibiyotik.

Don haka ina roƙon hukumar lafiya ta jihar Arewa ta riƙa leƙa tirukan nan tana ɗaukar samfuri ana gwadawa, ku kuma 'yan jarida ku tambayo mana ta ina suke shigowa.

Naku,
mai karanta ku daga Garwa