Wasiƙa zuwa ga Sani a kan ciwon Kawu

Rafin Daɗi, Katsina

Aminina Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya a Fatakwal.

Shirun da ka ji, jinyar Kawu Ilu ce ta sha kaina. Wata Laraba da asuba yana alwala a ƙofar ɗaki sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Da na matso na ga bakinsa ya karkace, yawu na zuba ta gefe guda. Ya gane ni sarai, yana ta ƙoƙarin kiran sunana amma harshe ya ƙi juyawa. Goggo ta ce iska ce ta taɓa shi, aka turara hayaƙi, aka nemo rubutu. Ni ma ban musa ba, abin da ke cina ke nan har yau. Sai bayan La'asar muka kai shi asibiti.

Da aka ɗauki hoton kansa, likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce: gudan jini ya toshe jijiya a hagun ƙwaƙwalwa. Ashe hagun ce ke juya damar jiki, kuma a wurin yawancin mutane can magana take. Duk inda jini ya daina kaiwa, cikin 'yan mintoci wurin ke fara mutuwa. Akwai allurar narkar da gudan, amma cikin awa 4 da rabi ake yin ta. Mu mun ci kusan awa 11. Wani kuma fashewa jijiyar ke yi, shi ya sa ba a ba da asfirin sai an ga hoto. Ruwan da muka ɗura masa ma kasada ce, don haɗiya na gagarar masu wannan ciwo, yana iya wucewa huhu.

Sani, Baba na da hawan jini, kuma ka ce ya ajiye magani don ya ji sauƙi. Don Allah ka lallashe shi ya koma. Ka gaya wa mutanen gida, in fuska ta karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a duba agogo a nufi asibiti, ko da abin ya wuce bayan minti 10. Addu'a a yi ta a mota.

Kawu yana zuwa gashi sau biyu a mako. Jiya ya riƙe carbinsa da hannun daman, ya ja ƙwaya uku.

Ka gaishe mini da Maman Abba da yara.

Naka,
Bashir