Barka da Sallah daga Birmingham, da amsar maganar hoton nan

Assalamu alaikum Baba, Inna, Yaya, Goggo da kai Auta da duk mutan gida. Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu ya kai mu ta baɗi da rai da lafiya. Ina fatan ƙafar Baba ta yi sauƙi kuma ana shan maganin a kan lokaci ba sai an yi ta fama ba.

Mu ma nan an yi idi lafiya a filin Small Heath Park, jama'a kam ba a magana, 'yan Pakistan da Somaliya da Yaman da Bangaladash ga mu 'yan Afirka ta yamma jefi-jefi, sai dai laimar ciyawa tana ratso darduma har gwiwa. Ana sallamewa kowa ya kama gabansa don nan ba a bada hutun Sallah sai wanda ya nema tun da wuri a wajen aiki.

To yanzu maganar hoton da na turo, wanda Auta ya ce min Goggo ta gani ta hau salati wai na shiga ƙungiyar asiri, Inna kuma ko barcin kirki ba ta yi ba. Auta kai za ka karanta musu wannan, dan Allah kar ka tsallake ko layi ɗaya kamar yadda ka saba. Wannan ƙaton bajimin da ke bayanmu a hoton ba gunki ba ne, san ƙarfe ne mai tsawon wajen mita 10 da aka ƙera don bikin buɗe wasannin Commonwealth na 2022, da aka gama sai aka ajiye shi a tashar jirgin ƙasa ta New Street, mutanen gari suka kaɗa ƙuri'a aka sa masa suna Ozzy, sunan wani mawaƙinsu. Shi kuma dattijon baturen da ke gefena mai gashi har kafaɗa da baƙar riga mai zanen ƙoƙon kai, abokin aikina ne a sito, jika gare shi har uku, kuma shi ya karɓar min aikin yau don in samu zuwa idi. Kayan da kuka gani a jikinsa kayan masu son wani kiɗa ne da ake kira hebi metal, kuma a wannan garin da nake zaune aka haifi kiɗan, shi ya sa duk inda ka juya sai ka gan su.

Asalin abin a unguwar Aston ne, unguwar da yanzu musulmi suka cika ta har masallatai birjik, amma a 1968 unguwar ma'aikatan masana'antu ce talakawa, hayaƙi da ƙarar injinan buga ƙarfe dare da rana, ga kangon gidajen da bama-baman yaƙin duniya na biyu suka rushe yara na wasa a ciki. Samari huɗu suka haɗu suka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Black Sabbath, Ozzy Osbourne mai waƙa, Tony Iommi mai jita, Geezer Butler mai jitar bes wato mai kaurin murya, sai Bill Ward mai ganguna. Ozzy ɗin nan har a mayanka ya yi aiki, kuma ya taɓa kwana a gidan yari saboda fasa shago. Ba 'ya'yan masu hali ba ne sam.

Labarin Iommi shi ne wanda ya fi tsaya min a rai, tunda ni ma kusa da injina nake wuni kuma na san yadda mutum ke tsoron hannunsa. Yana shekara 17, a ranar da zai ajiye aiki a wata masana'antar fallayen ƙarfe don ya rungumi kiɗa, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, ta tsakiya da ta kusa da ita, kuma shi bahago ne wato da wannan hannun yake danna tsirkiya. Aka ce masa kiɗa kam ya ƙare. Sai shugabansa na wajen aiki ya sa masa faifan Django Reinhardt, wani makaɗin jita da wuta ta lalata wa hannu amma ya ci gaba da kiɗa da yatsu biyu. Yaron nan ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun nasa hula, ya lulluɓe da fatar wata tsohuwar jaket, ya nemo tsirkiyoyi sirara, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu don kar su riƙa ji masa ciwo, to da ka sassauta tsirkiya sai muryarta ta yi ƙasa ta yi kauri ta yi duhu, ka ji inda wani ɓangare na nauyin kiɗan nan ya samo asali, daga lalura. Faifan Black Sabbath na farko a wuni guda suka naɗe shi, ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1970, kuma da yawa daga wannan ranar suke fara lissafin shekarun metal, ko da yake su Led Zeppelin da Deep Purple ma suna da hannu a ciki.

Yadda yake a kunne kuwa Inna ba zan ɓoye miki ba, ranar farko ji za ki yi kamar an tada injin niƙa a cikin ɗaki an kulle ƙofa. Jitar ta lantarki ce, ana jona ta da amfilifaya a ƙure ta har sautin ya fashe ya riƙa gurnani, kuma da gangan ake yi, wannan fashewar ita ake nema. Sai ɗan gajeren kiɗan da mai jita ke maimaitawa yana dawowa kansa, su suna ce masa rif, shi ne ƙashin bayan waƙar gaba ɗaya, in rif bai yi ba to waƙa ta mutu komai ihun mawaƙi. Mai ganguna kuma hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki lokaci guda, wasu ma manyan ganguna biyu suke takawa da ƙafa da gudun da ba ka iya ƙirgawa. Abokin aikin nan nawa shi ya koya min sauraro, a lokacin hutun shan shayi sai ya ba ni kunne ɗaya na iyafis ɗinsa ya ce rabu da mawaƙin, bi mai ganga kawai, yana buga min lissafin da yatsa a kan tebur, a hankali sai na gane ashe hayaniyar nan a tsare take tsaf, kowa ya san inda zai shiga da inda zai tsaya, kuskuren rabin daƙiƙa sai komai ya watse. Ko gurnanin da wasu mawaƙan ke yi koyonsa ake yi, daga ciki ake turo iska, wanda ya yi shi da ka da maƙogwaro kawai muryarsa ce za ta tafi.

Kuma ba iri ɗaya ba ne, ya yi rassa har sun fi ƙarfin ƙirgata. Judas Priest su ma 'yan nan yankin ne, su suka yayata baƙaƙen kayan fata masu ƙusoshi. Iron Maiden 'yan Landan tun 1975, mawaƙinsu Bruce Dickinson har matuƙin jirgin sama ne. Metallica a Amurka aka kafa ta a 1981, su suka ƙara wa abin gudu. Akwai wasu Napalm Death na nan kusa da mu da ke da waƙar da tsawonta daƙiƙa ɗaya ne da 'yan kai, wallahi ba wasa nake ba, har kundin Guinness ta shiga, ni dai wannan kam ban ga abin ji a ciki ba.

Sai tambayar Goggo, ko matsafa ne. Gaskiyar magana yawancinsu tsoratarwa ce ta sana'a. Su Black Sabbath da kansu sun faɗa cewa sun lura mutane na biyan kuɗi su shiga silima don a ba su tsoro, sai suka ce me zai hana a yi kiɗan da zai ba da tsoro. Butler da ke rubuta musu yawancin waƙoƙi a gidan 'yan Katolika ya tashi, kuma in ka bi kalmomin za ka ga yaƙi ake zagi da shugabannin da ke tura 'ya'yan talakawa su mutu, da makaman nukiliya, da masifar ƙwaya. Har gicciye suke ratayawa wanda mahaifin Ozzy ya ƙera musu. Alamar yatsu biyu da kuka ga dattijon nan ya ɗaga, Ronnie James Dio ne ya yaɗa ta, mawaƙin da ya gaji Ozzy a 1979, ya ce a wajen kakarsa 'yar asalin Italiya ya gani tana yi wai maganin kambun baka. Mu dai mun san yatsa ba ya kare kowa daga komai, su kuma yanzu gaisuwa ce kawai a tsakaninsu.

Amma ba zan wanke su tas ba. Giya da ƙwaya sun ci da yawansu, Ozzy kansa saboda shaye-shaye aka kore shi daga ƙungiyar, kuma shi ne ya gatsa kan jemage a kan dandamali a Amurka a 1982 har sai da aka yi masa allurar ciwon haukan kare. Wanda ya fi muni a ƙasar Norway ne, farkon shekarun 1990, wasu 'yan reshen da ake kira bilak metal suka riƙa ƙona coci-coci, har da wata tsohuwar cocin katako ta Fantoft a Bergen a 1992, ɗaya daga cikinsu aka ɗaure shi shekara 21 saboda kisan kai da ƙone-ƙone. Akwai kuma masu waƙoƙin saɓo ƙarara da masu ƙin baƙar fata, waɗannan ko abokin nawa tsaki yake yi in an ambace su. Don haka Auta kar ka ce ni na ba ka lasisi, na san ka.

Na bi abokin aikin nawa wajen wasansu na gani da idona, wani ƙaramin zaure ne a Digbeth, kafin mu shiga ya miƙo min 'yan robobin toshe kunne ya ce shi nasa kunnen ya riga ya lalace, shekara da shekaru yana jin ƙara tsiii ko da dare ya yi shiru. Ƙarar bes ɗin a ƙirji kake jin ta ba a kunne ba. A tsakiyar fili samari suna ta bangazar juna suna kaɗa kai, na ce yau za a fitar da gawa, sai wani siririn yaro ya faɗi, nan take ƙarti huɗu suka yi masa shinge suka ɗaga shi, wani ya ɗago takalmin da ya fice sama yana neman mai shi, aka ci gaba. Ashe doka ce a wajensu, wanda ya faɗi a ɗaga shi. Ruwa na sha har aka tashi ba wanda ya ko kalle ni.

Abin da zai ba Baba mamaki, kiɗan ya shiga ƙasashen musulmi ma. Joko Widodo da ya shugabanci Indonesiya daga 2014 zuwa 2024 masoyinsa ne, lokacin yana gwamnan Jakarta ɗan Metallica ya ba shi kyautar jita, sai ya miƙa ta ga hukumar yaƙi da cin hanci. Akwai 'yan mata uku masu hijabi daga Garut a Java ta yamma, Voice of Baceprot, a makarantar islamiyya suka haɗu, sun yi wasa a bikin Glastonbury na nan Ingila a 2024. A Maroko kuwa a 2003 kotun Kasablanka ɗaure matasa 14 ta yi a kan wannan kiɗan, sai da aka yi ta zanga-zanga. Har Botswana akwai su, da hulunan kaboyi da kayan fata cikin wannan rana. Hukuncin kiɗa dai malamai sun yi maganarsa kuma Baba ya fi ni sani, ni labarin garin da nake nake ba ku.

Ranar 5 ga Yuli 2025 su huɗun nan na asali suka yi wasansu na ƙarshe a filin ƙwallon Aston Villa, 'yan tituna kaɗan daga gidajen da suka tashi, Ozzy a zaune kan kujera saboda ciwon Parkinson ya hana shi tsayuwa, kuɗin kuma aka ce na asibitin yara ne da masu irin ciwonsa. Ranar 22 ga watan ya mutu yana da shekara 76. Da aka bi da gawarsa ta Broad Street dubban mutane ne suka fito, dattijon nan sati guda ba ya cikin hayyacinsa a wajen aiki, ya ce min mahaifinsa a masana'anta ya ƙare rayuwarsa, kuma waɗannan ne mutanen farko da ya ji suna magana da irin harshen unguwarsu a rediyo ba tare da jin kunya ba.

Saƙon Sallah na tura ta hannun Yaya, a duba a tabbatar min ya shiga, a fitar wa Goggo nata daban. Auta maganar waya sai ka nuna min sakamakon jarabawa tukuna. Zan kira ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku in Allah ya yarda, a sa wayar a caji, kuma a kira min Kawu ya zo don ina da magana da shi. A gaida maƙwabta da duk wanda ya tambaye ni.

Naku,
ɗanku na Birmingham