Wasiƙa daga Garwa: abin da na kasa faɗa maka a waya

Unguwar Yelwa, Garwa.

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya Duwala, ya kasuwa? Ta'aziyyarka ta rasuwar ɗana ta iso, Allah ya bar zumunci. A waya na ce maka kwana ne ya ƙare. Haka ne kuwa, amma akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro, shi ya sa na ɗauki biro.

Yaron bakwaini ne. A gida aka haife shi, cikin dare, ana tsakiyar hunturu. Tsofaffi suka yi masa wanka, suka shafa wa cibiyar toka da man shanu, kamar yadda aka yi mana. Kwana uku ya ƙi kama nono, na taɓa ƙafarsa na ji ta kamar randa. Da muka kai shi asibiti aka ɗora shi a sikeli, bai kai kilo 2 ba. Ungozoma ta ce irinsa ba a gaggawar yi masa wanka, a ƙirjin uwa ake ɗaure shi, fata da fata. Washegari ya koma. Ragon suna yana ɗaure a zaure, yana cin harawarsa.

Bayan sadakar bakwai na ɗaga katifa na ga katin awon matata. Sau ɗaya ta je, cikin yana wata huɗu. Ranar aka gwada jininta aka ce tana ɗauke da sida, wato ƙanjamau, ba ta sake komawa ba. Na tambaye ta dalili, ta ce takardar saki take tsoro. Wallahi ban ga laifinta ba. Sau nawa na zauna a tsakar gida ina aibata masu ciwon nan tana ji?

Likita ya zaunar da ni. Ya ce ba ƙwayar cutar ce ta kashe yaro cikin kwana huɗu ba. Amma uwar da ba ta shan magani cutar na yawa a jininta, jiki ya raunana, sai haihuwa ta zo kafin lokaci, ɗa ya fito ɗan mitsitsi. Ga shi gudun awo ya sa ta rasa maganin ƙarin jini da na zazzaɓin cizon sauro. Sanyi da ciwon cibiya suka ƙarasa. Ashe a duniya jarirai wajen miliyan 2.3 ne suka mutu kafin cika kwana 28 a 2022, kusan uku cikin huɗu a makon farko, kuma haihuwar bakwaini, da shaƙewa wajen naƙuda, da shigar ƙwayoyin cuta ne kan gaba.

Abin da ke hana ni barci shi ne maganin nan kyauta ne a Kamaru tun 2007. In ba a sha ba, cikin jarirai 100 tsakanin 15 zuwa 45 kan ɗauka daga uwa. In an sha yadda ya kamata, ba su kai 5 ba. Har shek sante, takardar rangwamen asibiti ta masu ciki, ta sefa 6,000 akwai a nan Arewa, ta awo da haihuwa, tiyata ma tana ciki. Kuɗin harawar ragon ya fi haka.

Ni ma na miƙa hannu an gwada. Ina da ita. Yanzu kullum bayan isha'i mu biyu muke haɗiyar ƙwayarmu, ni nake ɗebo mata ruwa.

Ka ce mini amarya ta fara laulayi. Don girman Allah kada ka ba ta kuɗin babur ka ce ta je awo. Ka rufe shago ka raka ta, a fara ɗibar jininka tana kallo, kuma tun a hanya ka gaya mata ko me takarda ta nuna tana nan ɗakinta. Ta haihu a asibiti, a ba jariri dakashi tun sa'ar farko, kada a bari a zubar.

Maganar nan ta tsaya tsakaninmu, ko Inna ba ta sani ba tukuna. Ka gaishe mini da yara.

Naka har kullum,
amininka na Garwa.