Sakatar Bindiga: A Duba Ƙarfe da Aikin Inji Kafin Ƙyallin Rufi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ba kasafai ake tattauna shi a jaridunmu ba, duk da cewa ya shafi rayukan 'ya'yanmu da ke bakin daga, ya kuma shafi garinmu Kaduna fiye da kowane gari a ƙasar nan. A Kakuri masana'antar ƙera makamai ta ƙasa, wato DICON, take tun 1964, lokacin da kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya kafa mata injina, kuma tun da Shugaba Tinubu ya sanya hannu a kan sabuwar dokar hukumar a watan Nuwamban 2023, wadda ta faɗaɗa damar haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu, maganar ƙera bindiga a gida ta sake tasowa. Ni dai sana'ata sassaƙa ƙarfe ce da awonsa a kan inji, kuma abin da nake son jawo hankali a kai ƙaramin sashe ne da tafin hannu ɗaya ke iya riƙewa, wato sakatar bindiga da maɗaukinta, ƙarfen da take zaune a jikinsa yana tafiya da ita.

Wannan sashe shi ne ke kai da komo a cikin bindiga duk lokacin da aka yi harbi. Shi ke tura harsashi cikin mazauninsa, ya kulle bayansa da haƙoran sakata domin kada ƙarfin albarushi ya dawo wa mai harbi a fuska, sannan ya zaro kwanson da ya ƙone ya wurgar. A bindigogi dangin AK, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun sojojinmu da 'yan sanda, haƙoran biyu ne manya, hayaƙin albarushi kuma fistin yake turawa can gaba a saman bututun bindigar. A dangin M16 da M4 kuwa, waɗanda suka samo asali daga zanen Eugene Stoner na ƙarshen shekarun 1950, haƙoran bakwai ne ƙanana, kuma ana jawo hayaƙin da zafinsa ta wani siririn bututu har cikin maɗaukin kansa, don haka a nan zafi da baƙar toka suke taruwa. Shi ya sa gardama a kan rufi, wato abin da ake yi wa fatar ƙarfe domin kare shi daga tsatsa da gogayya, ta fi tsami game da wannan dangi na biyu, amma abin da zan faɗa ya shafi dukansu.

Dokar makamai ta 1959 ta sanya bindigogin soja cikin makaman da aka haramta wa jama'a, saboda haka a ƙasar nan mai sayen waɗannan kaya gwamnati ce, da kuɗin talakawa. Fargabata ita ce idan ɗan kwangila ya shimfiɗa samfura a kan tebur, ido zai fara sauka ne a kan wanda ke walƙiya kamar azurfa ko zinariya, alhali rufi shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a tambaya.

Ba ina cewa rufi ba shi da amfani ba ne. Wanda sojojin Amurka suka daɗe a kansa shi ne fosfet na manganis, baƙi-baƙi mai ɗan kaushi, wanda ba ya burge kowa a ido. Kaushin nan kuwa shi ne alfanunsa, domin yana shan mai ya riƙe, man kuma shi ke hana tsatsa da gogayya. Illarsa ita ce toka tana manne masa, sai an sa hannu an kankare, kuma idan aka bar shi a bushe a cikin damina zai yi tsatsa. A ƙa'idar sojan, ba fosfet kaɗai ake yi ba: cikin ramin maɗaukin da cikin ɗan bututun da ke karɓar hayaƙi ana shafe su da kurom mai tauri, saboda a nan ne zafi ya fi cin ƙarfe.

Na biyu shi ne naitiraid, wanda a gaskiya ba shafe ba ne. Ana tsoma ƙarfen ne a cikin narkakken gishiri mai zafin da ya kai wajen digiri 580 a ma'aunin Salshiyos, sai sinadarin naitirojin da kabon su ratsa fatar ƙarfen su taurare ta. Ba ya ɓarewa tunda babu wani abin da aka ɗora a sama, ba ya canza awo sosai, yana jure tsatsa, kuma yana da sauƙin gogewa. Ga maɗauki, ina ganin wannan hanya ce mai kyau, kuma farashinta bai fi ƙarfinmu ba. Ga sakatar kanta ne nake da ja, domin ƙarfenta an riga an gasa shi an daidaita taurinsa a zafin da bai kai ko kusa da haka ba, kuma mayar da shi cikin wuta mai digiri 580 na iya rage taurin cikinsa idan mai aikin bai tsara matakan da lissafi ba. Injiniyoyi suna saɓani a kan girman wannan haɗari, amma saɓanin kansa ya isa dalilin a nemi takardar gwajin tauri kafin a karɓi kaya.

Nikel da boron shi ne mai kamar azurfa da 'yan kasuwa ke so su fara nunawa. Yana da santsi ƙwarai, ƙyalle kaɗai kan share masa toka a farkon amfani, sai dai shafe ne da ake ɗorawa a kan ƙarfe, yana ƙara kauri, yana dusashewa ya yi dabbare-dabbare bayan ya sha wuta, kuma idan ba a wanke ƙarfen da kyau ba kafin a shafa shi yakan ɓare, ɓaɓɓakinsa ya shiga inda bai kamata ba. Mai launin zinariya, wato titaniyom naitiraid, da baƙin nan mai sulɓi da ake kira DLC, sirara ne ƙwarai kuma suna da tauri, musamman na biyun, wanda da wuya a same shi da aibi ban da tsada. Ga rundunar da za ta sayi dubbai, ban ga yadda kwalliya za ta biya kuɗin sabulu ba.

Tarihi ya taɓa nuna inda rufi ya zama batun rai da mutuwa, kuma ya kamata a lura da wurin da abin ya faru. A yaƙin Biyetnam, a shekarun 1966 da 1967, bindigar M16 ta riƙa cijewa a hannun sojojin Amurka, kwanso ya maƙale a mazauninsa ana tsakiyar musayar wuta, har majalisar wakilan ƙasar ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Richard Ichord, wanda ya fitar da rahotonsa a 1967. Abubuwan da suka haɗu suka jawo matsalar sun haɗa da canza nau'in albarushi zuwa wanda ya fi barin toka ya kuma ƙara saurin bugun bindigar, da ƙarancin kayan gogewa da horo a kan tsabtace ta, da kuma rashin kurom a mazaunin harsashi a ƙasa mai danshi. Daga cikin gyaran da aka yi akwai shafe mazaunin da kurom, wuri ne kuwa da babu wanda ke ganinsa a kan teburin ɗan kwangila.

Abin da ke yanke hukunci a kan sakata shi ne ƙarfenta da hannun da ya yi ta. Ƙa'idar sojan Amurka ta ambaci ƙarfen Carpenter 158 domin sakata da ƙarfe mai lamba 8620 domin maɗauki, kamfanoni da yawa kuma suna amfani da 9310 a madadin na farkon, wanda ba shi da laifi muddin an gasa shi daidai. Sakatar dangin M16 da M4 a wurare biyu aka san ta da karyewa: gefen ramin da fil ɗin da ke juya sakatar yake shiga, inda ƙarfen ya fi siranta, da kuma haƙoran da ke maƙwabtaka da ƙugiyar zaro kwanso. A waɗannan wurare, ɗan zane guda da bakin inji ya bari, ko kusurwa mai kaifi inda ya kamata a yi lanƙwasa, shi ne mafarin tsaga, tsagar kuma tana girma a hankali da kowane harbi har ranar da haƙori zai guntule. Babu wani rufi a duniya da ke ɗinke wannan. Abin da rufi mai kauri ke yi shi ne ya ɓoye shi.

Duk wanda ya yi aikin inji ya san yadda ake gane hannun gwani ba tare da na'ura ba. Ka ɗauki maɗaukin ka bi da farcenka a kan layukan da yake zamewa a kansu: idan farce yana sarƙewa a ƙananan tudu, ko dai bakin injin ya dakushe ko an yi gaggawa. Ka haska tocila a cikin ramin, ya kamata ka ga bango sumul, ba zobba-zobba ba. Sannan ka dubi notuna biyu da suka ɗaure ɗan bututun hayaƙi a saman maɗaukin. Ƙa'ida ita ce bayan an ɗaure su a daki ƙarfen gefensu har ya danne kawunansu, domin girgiza da zafi kada su kwance su. Na sha ganin aikin da aka ɗan taɓa ƙarfen kawai don a ce an yi, alamar tana nan amma ba ta kama komai ba, kuma ranar da notin ya yi sako-sako hayaƙi zai zurare, bindiga ta daina zaro kwanso, ko da maɗaukin da zinariya aka shafe shi. Masu kula da makamai kuma suna da nasu gwajin na zobba uku da ke toshe hayaƙi a jikin sakata: a jawo sakatar waje, a tsayar da kayan a kan fuskarta bisa tebur, idan maɗaukin ya zame ƙasa da nauyin kansa, zobban sun gaji.

Abin da farce da tocila ba sa gani kuwa, akwai gwajinsa. Ana harba harsashi na musamman mai ƙarfi fiye da kima da sakatar, daga nan a sa mata maganaɗisu, a zuba mata ruwa mai ɗauke da garin ƙarfe, a duba ta a ƙarƙashin fitila ta musamman a ɗaki mai duhu. Idan akwai tsaga, ko da ta fi gashi siranta, garin zai taru a kanta ya fito da layi kore shar. Tambayar da ya kamata jami'in saye ya yi ita ce ko kowace sakata aka gwada ko kuwa 'yan kaɗan aka tsinta daga cikin tari, domin haruffan da aka buga a jikin ƙarfe ba sa amsa wannan. Haka nan akwai feshin ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ake yi wa sakata domin fatarta ta jure gajiya, da gasa ƙarfe da ake yi bayan shafa kurom domin fitar da iskar haidurojin da ke sa ƙarfe ya yi gautsi. Duk waɗannan matakai ne masu cin kuɗi da lokaci, kuma su ne mai neman riba ke fara tsallakewa tunda ba a ganinsu.

Yanayinmu ma yana da tasa magana. Sojan da ke Birnin Gwari ko gaɓar Tafkin Chadi yana fama da ƙurar hunturu wata da watanni, ƙurar da ke haɗuwa da mai ta zama kamar garin wasa wuƙa, sannan damina ta zo da danshinta. Farin jinin AK a irin wannan ƙasa ya samo asali ne daga sararin da aka bari da gangan tsakanin sassanta masu motsi, amma kuskure ne a ɗauka cewa wannan sarari lasisi ne na aikin ganin dama, domin tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi a AK ma da ma'auni ake duba ta, kuma kuskure kaɗan a nan na iya fasa kwanso. Tun da aka ƙulla yarjejeniya a 2018 tsakanin DICON da kamfanin makamai na ƙasar Poland game da ƙera bindigar Beryl M762, wadda ita ma dangin AK ce, wannan batu ya zama namu kai tsaye.

Roƙona ga Ma'aikatar Tsaro da kwamitocin tsaro na Majalisar Tarayya shi ne a rubuta a cikin kowace kwangila nau'in ƙarfe, da matakin tauri, da gwajin maganaɗisu ga kowace sakata, a kuma ɗebi samfura daga kayan da aka kawo, ba waɗanda aka nuna tun farko ba, a yanka su a auna a nan gida. Kaduna ba ta rasa masu wannan aiki ba, ga sassan injiniyanci na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da na Makarantar Horar da Hafsoshi ta NDA, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ke da sashen nazarin ƙarafa. Idan kaya sun haye waɗannan gwaje-gwaje, ni a nawa ra'ayin fosfet mai kurom a ciki ya wadatar, a bar naitiraid ga maɗauki, kuɗin da ya saura kuma a sayi mai da buroshi da ma'aunai a raba wa masu kula da makamai a barikoki.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin injin ƙarfe,
Kakuri, Kaduna.